Gine-ginen Harhaɗawa da Ginin Ƙasa na Zamani: Bayani ga Al'umma da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Ginin harhaɗawa shi ne wanda ake ƙera sassansa a masana'anta ko a rumfar maƙera, wato bango da rufi da ƙofofi da tagogi, sa'an nan a ɗauko su a mota a zo a ɗaure a wurin da ake bukata cikin 'yan kwanaki. A ƙasashen Turai da Amurka mutane sukan sayi ƙaramin ɗaki irin wannan su kafa a filin gidajensu domin saukar baƙo ko yin ofis. A wajenmu kuwa an fi saninsa da siffa uku: kwantenar dakon kaya da aka huda mata ƙofa da taga, da ɗakin fotakabin irin na 'yan kwangilar hanya, da kuma ɗakin da mai walda yake haɗawa da ƙarfe da kwano. Kasancewar ana yawan kawo wa dagatai da kansiloli da kwamitocin raya ƙasa tayin irin waɗannan gine-gine domin yin aji ko ɗakin shan magani ko ofishin mai unguwa, mun ga ya dace mu yi bayanin amfaninsu da illarsu, da kuma abin da za a iya yi a madadinsu.

Misalin Shahuci

Shahuci unguwa ce, kuma mazaɓa, a Ƙaramar Hukumar Birni cikin ganuwar Kano, daura da Kasuwar Rimi da Asibitin Murtala. A nan ne aka buɗe Makarantar Shari'a a ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Mun ɗauke ta misali ne domin matsalar da ke cikinta ita ce ta kowace tsohuwar unguwa da kowane tsohon ƙauye mai cunkoso: gida na gado ne, iyali suna ƙaruwa, fili kuwa ba ya ƙaruwa. Idan ɗa ya isa aure, ko aka kawo tsohuwa za ta zauna, sai a dubi tsakar gida a ga inda za a tsaga ɗaki.

Wanda ya yi tunanin sayen kwantena domin wannan bukata, abu na farko da zai ci karo da shi shi ne lungu. Faɗin kwantena mita 2.44 ne, tsawon ƙaramar mita 6, babbar kuma mita 12, ba ta sauka sai da motar ɗaga kaya, alhali da yawa daga lungunan cikin birni ko amalanke da ƙyar take wucewa. Ko da ta shiga lungun, ga zaure a gabanta. Saboda haka abin da ke yiwuwa a irin wannan wuri shi ne sassa ƙanana waɗanda mutum biyu za su iya ɗauka su ratsa zaure da su. Idan muka lura, magabatanmu ma haka suke yi: tubali ana murza shi a bakin kududdufi a shanya, azara ana faskaro ta daga giginya a daji, jakai su kawo, magini ya harhaɗa. Ashe ke nan shirya kayan gini a wani wuri ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa; abin da ya sauya shi ne irin kayan.

Abin da ya faru a Yamai

An jima da gwada gidan ƙarfe a yankinmu. A shekarar 1949 wani maƙerin gine-gine Bafaranshe, Jean Prouvé, ya ƙera gida na alminiyam da ƙarfe a Faransa, aka ɗauko sassansa a jirgin sama aka haɗa a Yamai, sa'an nan aka kai wasu biyu Barazabil a 1951. Gidan yana da dabara: rufi biyu ne, na sama yana tare rana, iska tana bi ta tsakaninsu ta fita ta ƙololuwa, ga baranda kewaye da shi. Duk da haka bai karɓu ba, domin kuɗinsa ya fi na ginin da ake yi da kayan wurin, kuma ba a ci gaba da ƙera shi ba. Wajen shekarar 2000 aka kwance gidajen uku aka mayar da su Faransa, a 2007 kuma aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Barazabil a birnin New York a kan kusan dala miliyan 5, a matsayin kayan tarihi. Dabarar rufin nan biyu ta ci gaba da amfani har yau, za mu sake komawa kanta. Tsadar dakon kaya daga nesa ita ma tana nan yadda take.

Zafi

Wannan ita ce babbar magana. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a Kano yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Ƙarfe da kwano suna ɗaukar zafi nan take, su kuma zuba shi cikin ɗaki nan take, shi ya sa ajin kwano marar sili yakan gagari zama tun kafin azahar, ɗakin shan magani na kwantena kuma yakan lalata magungunan da aka rubuta a jikinsu cewa kada a ajiye su a zafin da ya wuce digiri 25 ko 30. Idan damina ta zo kuma, ƙarar ruwa a kan kwano takan hana ɗalibi jin malami. Bangon ƙasa mai kauri ba haka yake ba. Yakan shanye zafin rana a hankali, ya riƙe shi sa'o'i da dama, bai sake shi ba sai dare ya yi, shi ya sa soro yake da sanyi da rana, da hunturu kuma yake da ɗumi.

Masu ƙera fotakabin suna magance wannan da bango mai ɓawo biyu na ƙarfe da abin tare zafi a tsakiya. Yana taimakawa, amma sai an tambayi ko mene ne a tsakiyar. Idan farin soso ne, mai sauƙin kuɗi, to yana cin wuta yana kuma fitar da hayaƙi mai guba. Audugar dutse ba ta cin wuta amma ta fi tsada. Kuma yawancin waɗannan ɗakuna an tsara su ne bisa zaton akwai na'urar sanyaya ɗaki. Ƙauyen da ba shi da tsayayyar wutar lantarki bai kamata ya karɓi ginin da ba ya zaunuwa sai da ita ba.

Ba muna cewa ginin harhaɗawa ba shi da rana ba ne. Idan ambaliya ta ci makaranta ana tsakiyar zango, ko annoba ta ɓulla ana bukatar wurin keɓe marasa lafiya cikin mako guda, ko aiki na ɗan lokaci ne za a tashi, babu abin da ya kai shi sauri, kuma ana iya kwance shi a kai wani wuri. Kuskuren shi ne a kafa shi da sunan wucin gadi, sa'an nan a bar yara a ciki shekara goma.

Abin da maginanmu suka sani

Ginin gargajiya na Kano yana tsayawa ne a kan tubali mai siffar ƙwai wanda ake jerawa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa zuwa sama. Azara ba ta jin gara, sai dai ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kusan mita biyu, wannan ne ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga domin rufe manyan ɗakuna, kamar yadda ake gani a Gidan Makama da Gidan Rumfa, da kuma tsohon Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Domin kare bango daga ruwa akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin majema da dafara. Marinar Ƙofar Mata ba ta da nisa da Shahuci, sana'ar rini da ta jima da ta gini duk suna ciyar da juna.

Raunin wannan gini sananne ne, bai kuma kamata a ɓoye shi ba. Yana son yaɓe a kai a kai, indararo idan ya toshe rufi yakan jiƙe ya rufto, kuma ruwan da ke kwanciya a gindin bango shi ne yake kayar da gidaje a watan Agusta. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kwano da siminti suka sami hanyar shigowa, sannu a hankali har aka wayi gari mutane suna ganin ginin ƙasa alamar rashi ce.

Bulon ƙasa na inji

Tsakanin kwantena da tubali akwai hanya ta uku. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, kimanin kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a yayyafa ruwa, a matse a injin hannu. Irin wannan inji an fara ƙera shi ne a ƙasar Kolombiya a shekarun 1950, kuma Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wato NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera nata samfurin. Bulon ba a ƙona shi, ba a kuma shanya shi a rana kai tsaye. Ana lulluɓe shi da leda ana ba shi danshi har mako uku zuwa huɗu kafin a yi gini da shi. Masu gaggawa sukan tsallake wannan mataki, daga baya su ce bulon ƙasa ba shi da ƙwari. Ba kowace ƙasa ce take yi ba: mai yumɓu da yawa tana tsagewa, mai rairayi zalla ba ta kamawa. Gwaji mai sauƙi shi ne a zuba ƙasar a kwalba da ruwa, a girgiza, a bari ta kwana, za a ga yashi a ƙasa, laka a sama, a auna rabon kowanne.

An ga amfanin wannan a garin Dandaji na Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wanda garin Hausawa ne. Tsohon masallacinsu na ƙasa, aikin Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986, ya lalace har ana shirin rushe shi. Masu zanen gini Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka ba da shawarar a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum dubu a gefensa da bulon ƙasa na inji. An kammala a 2018, da hannun maginan yankin, ƙasar kuma daga kusa da garin aka haƙo ta. A Gando ta Burkina Faso kuma, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya yi mata silin ƙasa, sa'an nan ya ɗaga rufin kwano sama a kan ƙafafun rodi ta yadda iska take wucewa tsakani, rufin kuma ya zarce bango sosai ya zame masa laima. A nan ƙarfen mai walda da ƙasar magini suka haɗu, kowanne a inda ya fi amfani. Ginin ya ci kyautar Aga Khan a 2004.

A ganinmu wannan haɗin shi ya fi dacewa da aji da ɗakin shan magani da ɗakin taron ƙauye a jihar nan mai ƙananan hukumomi 44: a ƙera ƙarafan rufi da ƙofofi da tagogi a gari bisa awo ɗaya, a kai su a mota guda, bango kuwa a buga shi a wurin, kuɗin leburanci ya tsaya a hannun matasan ƙauyen.

Abin dubawa kafin a sa hannu

Ko wane iri aka zaɓa, harsashi ya zama na dutse ko kankare, ya tashi aƙalla taƙi biyu daga ƙasa, a kuma yi wa ruwa hanya. Dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa domin rana ba ta dukansu sosai, tagogi su kasance a ɓangarorin biyu suna kallon juna. Bangon gabas shi ne yake shan dukan hadari a ƙasarmu, saboda haka a ƙara masa kariya, rufi kuma a ɗaure shi da bango ɗauri na gaske, domin iskar farkon damina ita ce take yaye makarantu. Kwantena idan dole ce, a ɗora ta a kan dakali kada ta taɓa ƙasa ta yi tsatsa, a kafa mata rumfa a sama, a kuma tuna cewa kowace huda da aka yi mata tana rage ƙarfinta sai an kewaye ta da ƙarfe.

Sai maganar izini. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun Gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izinin mallaka na gargajiya. A cikin birnin Kano, har da Shahuci, neman amincewar Hukumar Tsara Birane ta KNUPDA ya shafi ginin da aka ɗauko a mota kamar yadda ya shafi na bulo, kuma kwantenar da aka dasa a kan magudanar ruwa ko gefen titi tana iya fuskantar kwashewa. Filin da wani bawan Allah ya bayar domin makaranta ko asibiti, a rubuta kyautar a gaban dagaci da shaidu da magadansa tun yana raye, a ajiye kwafi a ofishin hakimi da na ƙaramar hukuma, kafin a haƙa harsashi.