Kyamarar tarko: wane batir ne zai jure zafin Magarya da Dungas?

Kyamarar tarko, wadda ake kira piège photographique da Faransanci, ɗan ƙaramin akwati ne da ake ɗaurewa a jikin itace ko turke a bar shi can shi kaɗai. Tana da ido mai jin ɗumin jiki. Da zarar mutum ko dabba ta gifta ta gabanta sai ta farka, ta ɗauki hoto ko gajeren bidiyo, ta adana a katin memori, ta koma barci. Da dare tana haska wurin da wasu ƙananan fitilu waɗanda idon mutum bai cika ganin haskensu ba.

Masu binciken namun daji ne suka fi saninta. A jihar Damagaram ma ta taɓa yin abin a zo a gani: a 2010 irinta ce ta ɗauki hoton rabbin Sahara, dabbar nan mai kama da damisa da ba kasafai ake ganinta ba, a duwatsun Termit, cikin wani aiki na ƙungiyar Sahara Conservation Fund. Shekaru biyu bayan haka, a 2012, aka ayyana Termit da Tin-Tumma a matsayin keɓaɓɓen gandun daji na ƙasa. Amma a kudancin jihar, a gundumomin Magarya da Dungas, ba rabbi ne damuwar mutane ba. Mai garkar rake ko albasa a kwarin Korama, wajen Bande ko Washa ko Gushi, abin da yake son sani shi ne wa ke shigo masa da dare: dila ce ke ɗauke kaji, ko garken wani ne ya karya shinge, ko kuwa hannun mutum ne ke kwance injin ban ruwa. Hoto mai ɗauke da kwanan wata da awa yana iya raba gardamar da in ba shi ba sai ta kai gaban mai gari, ko ma ta wuce nan.

Duk wannan sai in kyamarar tana da wuta a daren da abin ya faru. Galibi in aka je aka tarar da ita a mace, ba ita ce ta lalace ba, abin da aka zuba mata ne bai dace ba. Takardun da ke zuwa cikin kwalinta kuma sun fi yin magana a kan sanyi da ƙanƙara, don kasuwar Turai da Amurka aka rubuta su. A yankin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, abokan gabar batir su ne zafi da ƙura.

Ina wutar take tafiya?

Kyamarar da ke jira ba ta cin wani abin kirki. Tana iya yin watanni a haka. Hoton rana ma ɗan kaɗan yake ci. Fitilun dare ne masu cinye wuta, domin a lokaci guda suke jan ƙarfi mai yawa. Hoton dare ƙiftawar ido ne, amma bidiyon daƙiƙa 30 yana nufin fitilun na kunne tsawon daƙiƙa 30 ɗin cur. Shi ya sa mutum biyu za su sayi kyamara iri ɗaya da pil iri ɗaya, na ɗaya ya yi wata uku, na ɗayan ya mutu cikin mako.

Akwai kuma farkawar banza. Ciyawa ko ganyen rake da rana ta gasa, in iska ta kaɗa shi, kyamarar tana ɗaukarsa dabba ne, ta yi ta ɗaukar hoton babu kowa har katin ya cika. Maganinsa a share gabanta, a juya fuskarta arewa ko kudu, kada ta kalli gabas ko yamma, a kuma sa tazarar aƙalla minti guda tsakanin ɗauka da ɗauka. Wannan gyaran kyauta ne, kuma sau da yawa ya fi canza batir amfani.

Kyamara mai sim, wadda ke turo hoto kai tsaye zuwa salula, ta fi kowace ci, musamman inda rezo ke da rauni, don tana daɗewa tana nema. Kafin a saya ma a tabbata tana karɓar sim ɗin Airtel ko Moov Africa ko Zamani, saboda da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera don Amurka a kulle suke da kamfanonin can.

Lambar da ke jikin pil

Mafi yawan kyamarorin suna cin ƙananan pil masu girman AA, huɗu ko takwas, wasu har goma sha biyu. A ido duk pil ɗin kamarsu ɗaya, amma akwai wata ƴar lamba a jikinsu da ke faɗin gaskiyar abin da ke ciki.

In an ga R6 ko R6P, wannan shi ne pil na tutiya da gawayi, wanda Faransawa ke kira pile saline. Shi ne ya cika teburan ƴan tireda, mai arha, kuma yana yi wa rediyo da agogon bango aiki. Sau da yawa a kansa ake rubuta Super Heavy Duty da manyan baƙaƙe, rubutun da ke ruɗin mai saye. Ƙarfinsa bai kai rabin na alkalin ba, kuma da fitilun dare sun ja shi sai ya durƙushe. Ga kyamarar tarko asarar kuɗi ne kawai.

LR6 shi ne alkalin, irin su Duracell da Energizer na yau da kullum. Yana aiki, amma yana da halinsa: da bolt 1.5 yake farawa, ya riƙa sauka a hankali. Alamar farko ita ce hotunan rana su fito tas, na dare kuma su yi duhu, ko kyamarar ta riƙa mutuwa da dare ta farfaɗo da safe. Duk wanda ya ga haka kada ya zargi kyamarar, pil ne ya gaji. Babban aibinsa a ƙasa mai zafi shi ne yoyo. Alkalin da ya ƙare aka bar shi a ciki yana fitar da wani farin gari mai cin ƙarfe, ya ɓata maƙalan batir. In abin bai yi nisa ba ana goge shi da auduga da ɗan ruwan lemun tsami, a bar shi ya bushe sarai.

FR6 shi ne litiyom wanda ba a yi masa caji, kamar Energizer Ultimate Lithium. Ƙarfinsa ya kai wajen mAh 3,000, yana riƙe bolt ɗinsa daram har kusan ƙarshe, yoyo ba halinsa ba ne, kuma kamfanin ya ce yana aiki har zuwa digiri 60. Ba shi da na biyu ga kyamarar da za a bari nesa. Illarsa tsada da wuyar samu, sai dai a yi saƙo daga manyan birane, ga kuma jabu. Hanya ɗaya ta ganewa ita ce nauyi: na gaske gram 15 ne, alkalin kuwa wajen gram 23. Pil ɗin da aka rubuta wa litiyom amma ya yi nauyin alkalin a hannu, a bar wa mai shi. Wani abin lura, tun da bolt ɗinsa ba ya sauka a hankali, alamar batir ta kyamarar tana iya nuna a cike yau, jibi ya mutu.

Masu caji

HR6 shi ne NiMH, pil mai caji. A lissafin shekara shi ne mafi sauƙi, don ana iya yi masa caji sau ɗaruruwa. Amma bolt 1.2 yake bayarwa, ba 1.5 ba. Guda takwas bolt 9.6 ke nan maimakon 12, guda huɗu kuma 4.8 maimakon 6. Wasu kyamarorin sun san da haka, har akwai wurin zaɓen irin batir a cikin tsarinsu. Wasu kuwa suna ganinsa sai su ce batir ya yi ƙasa, ko hasken dare ya gajarta. A duba takardar kyamarar tukuna.

NiMH na da yana zubar da cajinsa ko ba a yi aiki da shi ba, zafi kuma yana ƙara masa saurin zubarwa. Wanda ya dace shi ne mai riƙe caji, irin eneloop da kamfanin Sanyo ya fito da shi a 2005, wanda yanzu Panasonic ke yi. Ƙarfinsa wajen mAh 1,900 zuwa 2,000 ne. Ya fi wani mai babbar lamba a jiki wanda zai huce cikin mako uku. Ana bukatar jeri biyu, ɗaya a kyamara ɗaya a caji, da caja mai kula da kowane pil daban.

Nan kuma maganar wutar gari ta shigo. Wutar da NIGELEC ke rabawa a wannan shiyya, kaso mai yawa daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma ba a manta da yadda aka yanke ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ba. Caja mai shiga ta USB, wadda ƙaramin pano na gida zai iya ɗauka, ta fi kwanciyar hankali.

A yi hattara da wani batir mai lamba 14500. Girmansa daidai da AA, yana shiga ramin lafiya lau, amma bolt 3.7 ne, kuma yana ƙone kyamara nan take. Haka nan kyamarorin da ke cin batir 18650, irin na manyan tocila: na gaske bai cika wuce mAh 3,500 ba, saboda haka wanda aka rubuta wa 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Kuma kowane iri aka zaɓa, ba a haɗa sabo da tsoho, ba a haɗa iri biyu a kyamara ɗaya. Mai raunin ne zai fara mutuwa, shi ne kuma zai yi yoyo.

Pano da batirin waje

Ƙasar da rana ba ta yi mata rowa, dole tunani ya tafi ga sola. Yawancin kyamarorin suna da ƴar kafa a ƙasa ta shigar da wuta daga waje, an rubuta 6V ko 12V a gefenta. Batirin dalma na bolt 12 mai Ah 7, irin wanda ake rufewa ruf, yana ɗauke da wat-awa 84, alhali pil litiyom takwas wajen 36 ne. Sai dai batirin dalma ba ya son a shanye shi fiye da rabi, kuma zafi yana rage masa kwana ƙwarai: abin da masana suka saba faɗa shi ne duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa biyu. Batirin babur da wasu za su yi sha'awar jonawa an yi shi ne don tada inji, ba don a riƙa tsotsarsa dare da rana ba, ba ya daɗewa a wannan aiki. Wanda aka rubuta wa LiFePO4 ya fi su jure zafi, ya kuma fi su kuɗi.

Kuskuren da ya fi kashe kyamara shi ne jona pano kai tsaye. Panon da ake kira na bolt 12 yana iya fitar da 18 zuwa 22 da tsakar rana. Dole wutar ta bi ta na'urar daidaita caji, wadda masu gyara ke kira regilatar, ta shiga batir, sannan ta isa kyamara. Batirin bolt 12 kuma ba ya shiga kafar bolt 6. Shi kuwa bankin cajin salula bolt 5 yake bayarwa, kuma da yawansu suna kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, wanda shi ne halin kyamara mai barci.

Akwai ƙananan pano da ake sayarwa musamman don waɗannan kyamarori, da batirin litiyom a manne a bayansu. Suna da sauƙin ɗaurawa, amma batirin yana kwana yana wuni a cikin rana, alhali irinsa ba a so a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45. A bazarar Dungas wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ya fi kyau pano ya sha rana, batir ya sha inuwa, waya ta haɗa su.

A nan gawo, itacen da ya cika gonakin Magarya da Matamai da Mirya, yana da rana. Shi da rani yake ganye, da damina ya zubar. Kyamarar da aka ɗaure a gindinsa tana samun inuwa daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Amma wannan inuwar ce za ta kashe pano, don haka shi a fitar da shi waje da rassan, fuskarsa kudu, a ɗan jingine kamar digiri 15, tun da yankin yana wajen digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar hunturu tana rufe gilashin cikin ƴan kwanaki, sai an riƙa gogewa. Wayar kuma a sa ta cikin tiyo, saboda gafiya da kurege da awaki. Ko da an jona wutar waje, a bar pil a ciki, don in an yanke waya kyamarar ta ci gaba, wataƙila ma ta ɗauki wanda ya yanke. Ba a rasa masu yankewar ba: pano yana ƙyalli daga nesa, kuma yana nuna wa ɓarawo inda kyamarar take.

Nisa ne ke yanke hukunci

Mai garkar da ke zuwa kullum ko bayan kwana biyu, NiMH jeri biyu ya ishe shi, ba ya bukatar pano. Wanda ke zaune a Magarya, gonarsa kuma tana can wajen Dogo-Dogo ko Malawa, sai wata-wata yake leƙawa, litiyom FR6 ne nasa, ya sa kyamarar a hoto ba bidiyo ba, domin kuɗin man zuwa canza pil ya fi bambancin farashin. Kyamara mai sim ko mai yawan bidiyon dare ce kaɗai ta cancanci wahalar pano da batirin waje. Alkalin na cike giɓi ne, a cire shi da zarar hotunan dare sun fara duhu.

Tsofaffin batura kuma kada a yar da su a garka. A kwarin Korama ruwan ƙasa yana kusa, rijiyoyin ba su da zurfi. Batirin dalma ya fi haɗari: a unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke bakin Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon gubar dalma daga fasa tsofaffin batura. A mayar da shi ga mai sayarwa ba tare da an fasa ba, ƙananan pil kuma a tara su a gwangwani mai murfi inda hannun yara ba ya kaiwa.