Tarihin Bishiyar Ciku, da ko Za Ta Yi a Goronyo

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Goronyo, manomin albasa kuma ɗan kasuwa. Ya ce da ya je aikin Hajji, wani Ba'indiye ya ba shi wani ɗan itace mai kama da dankalin Turawa a ido, amma cikinsa zaƙi kamar an zuba mazarƙwaila. Ya ƙulle ƙwallayen a bakin rawani ya zo da su gida. Yana so a ba shi tarihin bishiyar, kuma a gaya masa ko ya ware mata rabin garkarsa ta bakin Rima.

To Alhaji, madalla da wannan tambaya. Abin da ka sha Indiyawa na kiransa ciku, Turawa kuma safodila. Amma ba 'yar Indiya ba ce. Asalinta kudancin Meziko ne da Gwatamala, can ƙasan Amurka, a dazuzzukan mutanen da ake kira Maya. Su suka fara cin moriyarta. Katakonta yana da tauri ƙwarai, shi suke ɗorawa bisa ƙofofin manyan gine-ginensu kamar yadda muke ɗora azara. A kufan birnin Tikal an tarar da irin waɗannan katakai da sassaƙarsu, sun haura shekara 1,000 gara ba ta gama da su ba.

Abin da ya fitar da sunanta duniya kuwa, ƙaronta ne. In aka tsaga bawon, sai wani farin ruwa ya tsattsafo kamar na tumfafiya. Mutanen Maya kan tara shi, su dafa ya yi kauri, su riƙa tauna. Wani tsohon shugaban Meziko, Janar Santa Anna, da aka kora daga mulki, yana zaune a Niyok da wannan ƙaro, yana neman wanda zai mai da shi roba ya samu kuɗin komawa gida. Wani Ba'amurke mai suna Thomas Adams ya yi ta gwadawa, roba ta ƙi. Da ya rasa yadda zai yi da tulin da ya rage masa, sai ya yanka shi ƙanana ya sayar don taunawa. A 1871 ya yi rajistar injin yin sa. To ka ji mafarin cingam ɗin da yara ke saye a tebur. Shekaru da dama mutane na shiga daji da damina, su hau bishiyar da igiya, su tsattsaga ta da adda, sa'an nan su bar ta ta huta shekaru kafin su koma. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanoni suka koma haɗa cingam da sinadaran man fetur, sana'ar ta durƙushe.

Yadda ta kai ga mutumin da ya ba ka kuwa, Turawan Sifen ne suka ɗauke ta a jirgin ruwa zuwa tsibiran Filifin, daga nan ta bazu cikin Asiya. An dasa ta a Golbad, kusa da Mumbai, a 1898, yau ga shi Indiya ce kan gaba wajen nomanta.

Kada baƙuncinta ya ba ka tsoro. Duba bayan gidanka. Gwanda da gwaba da yazawa duk daga nahiyar Amurka suka fito. Mangwaro daga Indiya. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya riga ya tarar da gwanda ta zama 'yar gida a ƙasar Hausa. Shi kuwa dogon yaro, da yanzu ba garin da ba ya shan inuwarsa daga Rabah har Isa, sai a 1928 aka fara dasa shi a Borno. Kakanninmu da yawa sun girme shi a ƙasar nan. Wani abin mamaki ma, masana tsirrai sun ce ciku da kaɗanya dangi ɗaya ne. In ka aza ƙwallonta kusa da na kaɗe, ka dubi ƙyallin da tabon da ke gefe, za ka ga jini ba ya ɓuya.

Sai dai Alhaji, maganar rabin garka, ni ban goyi baya ba. Ga dalilina.

Inda ta fito ruwan sama ya kusa ninka namu, kuma iskarsu da laima. Zafi tana so, sanyi ne makashinta, to mu nan ba mu da wannan matsala. Tamu ita ce bazara. In zafi ya wuce awo 41 zuwa 43, ga busasshiyar iska, fure da ƙananan 'ya'ya sukan kakkaɓe, ka kuwa san yadda watan Afrilu yake a gabashin Sakkwato. Bugu da ƙari, bishiya ce mai nawa. Wadda aka shuka da ƙwallo takan ɗauki shekara 5 zuwa 8 kafin ta haihu, kuma ba lalle ta gado zaƙin uwarta ba. 'Yar aure ce ke yi cikin shekara 3 ko 4, kamar dai yadda kuka sani ga mangwaro.

Yanzu auna waɗannan shekaru da halin kogin. Madatsar ruwa ta Goronyo, da aka gama a 1984 aka buɗe a 1992, an gina ta ne ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Amma wa ya manta Satumbar 2010, da ruwa ya shafe gonaki da ƙauyuka tun daga Goronyo har Wurno da Kware? A farkon 2018 kuma sai ga madatsar ta janye, abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Albasa da tafarnuwa, in shekara ta ɓaci, baɗi ka sake zuba iri. Bishiyar da ka yi wa ban ruwa shekara shida kuwa, in ambaliya ta kwana mata makonni, an koma farko. Ga kuma kasuwa. In ta nuna, kwana kaɗan take yi ta lalace, ba kamar albasa ba da za ka jibge a rudu ka jira farashi. Ranar Lahadi a kasuwar Goronyo wa zai taya abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba?

Shawarata, mai da ita bishiyar tsakar gida tukuna, biyu ko uku. Ƙwallayen nan kada ka bar su su shekara, ƙarfinsu raguwa yake. Shuka su a leda da ƙasa mai rairayi da ruɓaɓɓen taki, ka sa a inuwa, ka yi haƙuri don sukan yi wata kafin su tsiro. In sun yi ƙwari, dasa su farkon damina a tudun da ruwa ba ya kwanciya, kusa da rijiya ko inda ake alwala, taku 10 tsakaninsu, nesa da katanga. A kewaye da zana saboda awaki da iskar hunturu, a rufe gindin da ciyawa, ban ruwa kuma kada ya yanke a rani cikin shekaru ukun farko.

In Allah ya sa ta haihu, kada yara su yi mata irin ta mangwaro. Ɗanyarta bauri gare ta, ga ƙaro mai liƙe baki. A kankare fatar da farce: in ƙasan kore ne yana fitar da farin ruwa, da saura, in ya yi ruwan ɗorawa sai a tsinka a ajiye a ɗaki kwana kaɗan ta yi laushi. Ƙwallon yana da 'yar ƙugiya a kai, a cire wa yara kafin su sha.

Alhaji, in sun tsiro, a rubuto mana mu ji nawa suka tsallake bazarar farko.