Daga Jirgin Fir'auna Zuwa Tsibirin Bimini: Tarihin Rumfar Ƙaramin Jirgin Ruwa

Mai karatu, in ka taɓa kallon hoton ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa ko na kamun kifi, za ka ga wata 'yar rumfa ta yadi a kan ƙarafa masu lanƙwasa kamar baka, ba bango, ba ƙofa, kuma ana iya naɗe ta a kwantar. Sunanta bimini. Da ganinta ka ce kwalliya ce, amma a tsakiyar ruwa babu bishiya, babu inuwa, ga rana daga sama, ga haskenta yana dawowa daga fuskar ruwa. Wanda ya sayi wadda ba ta dace ba kuwa, ko dai ya yi asarar kuɗi, ko ya ɗora wa jirginsa abin da iska za ta kama ta jijjiga shi. Tarihin rumfar nan shi ne zai nuna maka abin da ya kamata ka duba.

Neman inuwa a kan ruwa tsohon abu ne. A 1954 aka tono jirgin Fir'auna Khufu a gefen babban dalar Giza a Masar. An binne shi wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsawonsa ya kai mita 43, kuma yana da ɗaki da sandunan da ake shimfiɗa rumfa a kansu. A Rum kuma, sojojin ruwa na sansanin Misenum ne ake ɗauko wa su ja babbar rumfar filin wasa na Kolosiyam, domin su ne suka san igiya da yadi da halin iska. Ka ga tun fil azal, aikin rumfa da aikin jirgi tafiyarsu ɗaya.

Sunan da muke amfani da shi yau ya fito ne daga tsibiran Bimini na ƙasar Bahamas, kimanin kilomita 80 gabas da birnin Mayami na Amurka. Kusancin nan ya sa tsibiran suka zama matattarar masu fasa-ƙwaurin giya lokacin da Amurka ta haramta ta, daga 1920 zuwa 1933. Bayan nan sai manyan kifaye suka ɗaga sunan wurin, saboda igiyar ruwan ɗumi da ke ratsawa tsakaninsa da Fulorida. Marubuci Ernest Hemingway ya riƙa zuwa can da jirginsa Pilar tsakanin 1935 da 1937. To, mai fatsa da zai wuni a rana yana son inuwa, amma ba ya son bango, domin kifi na iya jan sa ta kowane gefe. Siffar bimini amsar wannan buƙata ce: rufi a sama, gefuna a buɗe, kuma a ture ta baya in ta tare hanya.

Abin da ya kai ta ko'ina shi ne yawaitar ƙananan jirage. A 1909 Ole Evinrude ya fara sayar da injin da ake maƙalawa a bayan jirgi, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga ƙera gangar jirgi da zaren gilashi haɗe da roba. Jirgi ya yi araha, magidanta suka fara fita da iyalansu, kasuwar rumfa ta buɗe.

Sai dai yadin farko na auduga ne, ita kuwa auduga tana shan ruwa, ta yi nauyi, ta yi fumfuna, ta ruɓe, rininta kuma ya koɗe. Kamfanin DuPont ya samar da zaren akirilik a 1941, ya sa masa suna Orlon. A 1961 kamfanin Glen Raven na jihar Karolina ta Arewa ya fitar da yadin Sunbrella, wanda ake zuba launinsa a cikin ruwan sinadarin tun kafin a ja shi ya zama zare. Bambancin kamar na karas ne da kokwamba: yanka karas, launinsa har ciki, yanka kokwamba, koren a bawo ya tsaya. Don haka in za ka saya, tambayar farko ita ce, a ruwan sinadari aka rina zaren, ko a sama aka shafa launin? Yadin foliyesta ya fi araha, kuma za ka ga an rubuta masa lamba irin 600D. Wannan awon kaurin zare ne, wato nauyin giram na zare mai tsawon mita 9,000. Lambar tana gaya maka kauri, ba ta gaya maka ko zai jure rana ba.

Abin da ke gaya maka kariyar fata shi ne awon UPF, wanda Ostireliya da Niyu Zilan suka kafa wa ƙa'ida a 1996. Yadi mai UPF 50 yana barin kashi ɗaya cikin hamsin ne kawai na hasken UV ya ratsa, wato kashi 2 cikin ɗari. Amma fa ka tuna gefunan a buɗe suke, hasken da ke dawowa daga ruwa zai same ka ko kana ƙarƙashinta.

Ƙarafan ma suna da nasu tarihin. Harry Brearley ya samar da ƙarfe mara tsatsa a birnin Shefil na Ingila a 1913. A 1923 kuma aka fara amfani da dabarar kauraro fatar alminiyam da lantarki, don kare sassan jiragen sama masu sauka a teku daga cin gishiri. Su biyun nan ne har yau ake ƙera ƙafafun bimini da su. Alminiyam ba nauyi, ba tsada, ya wadatar a ruwan daɗi irin na kogi ko tafki. A ruwan gishiri kuwa ƙarfe mara tsatsa ne, musamman samfurin 316, wanda aka ƙara wa sinadarin molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, abin da samfurin 304 ba shi da shi. Ka kuma lura da mahaɗai. Na roba rana tana busar da su su karye, sannan in sukurun ƙarfe mara tsatsa ya zauna a jikin alminiyam cikin ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne zai riƙa cinyewa a hankali.

Yanzu batun girma. Da yake kasuwar a Amurka ta bunƙasa, har yau da inci da ƙafa ake awo, kuma awo uku ne. Na farko faɗi: ba faɗin jirgin gaba ɗaya za ka auna ba, tazarar da ke tsakanin wurare biyun da za ka ɗaure ƙafafun ce, ɗaya a kowane gefe. Galibi ana sayar da su a rukuni-rukuni na inci shida, kamar 67 zuwa 72, saboda ƙarfen yana ɗan buɗewa ko tsukewa. Na biyu tsawo, wato wurin da kake son inuwa ta rufe. Mai baka biyu ta ƙananan jirage ce sosai, mai baka uku kan kai ƙafa 6, mai baka huɗu ƙafa 8. Wurin ɗaurin yana faɗowa ne kusan tsakiyar wannan tsawon. Na uku tsayi, kuma daga wurin ɗaurin ake auna shi, ba daga daɓen jirgi ba. Sai ka haɗa shi da zurfin jirgin ka ga sararin da kanka zai samu.

A nan ne mutane kan zarce, su ce gara babba. Ai kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ƙarfin da iska ke turawa yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa: in ka tashi daga kilomita 20 a awa zuwa 40, turin ya ninka sau huɗu. Rumfa mai tsayi kuma tana kama iskar can sama, inda ta fi samun damar karkata jirgi, kamar yadda doguwar sanda ke saukaka ɗaga dutse. A ƙaramin jirgi mara nauyi, wadda za ta rufe ka kana zaune ta fi wadda za ka miƙe a ƙarƙashinta aminci. In hadari ya taso, ko za ka yi gudu, ko za a ja jirgin da mota, naɗe ta ka ɗaure.

Saboda haka kafin ka biya kuɗi, ɗauki awo ukun nan da kanka, ka tambayi yadda aka rina yadin da lambar UPF ɗinsa, sannan ka zaɓi ƙarfe gwargwadon ruwan da za ka shiga.