Yadda Waya Ta Shigo Ƙungiyarmu

A da, in shinkafarmu ta tafi Argungu, ba mu sanin yadda kasuwa ta kaya sai direba ya dawo. Abin da ya faɗa, shi ke nan. Wayar NITEL kuwa sai ofisoshin Birnin Kebbi da gidajen manya.

A 2001 MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya, minti ɗaya naira 50, ko sallama kawai kika yi. Sai 2003 Glo ta kawo lissafin daƙiƙa. Mu dai mun daɗe muna biyan kira wurin masu lema.

Da sabis ya zauna a Ambursa, gardama ta tashi a taro. Wasu suna son babbar waya, tsofaffinmu suka ce wa zai karanta ta, kuma ina wutar caji? Wata ta ce maigidanta ba zai yarda lambarta ta bazu a kasuwa ba, kuma maganarta ce ta raba gardamar. Muka sayi ƙarama mai tocila, mai layi biyu, ta ƙungiya, tana hannun ma'aji.

Lokacin canjin kuɗi, farkon 2023, da ita muka riƙa ganin alat kafin mu saki kaya. Tana nan har yau, an ɗaure bayanta da roba.