Bakin Ruwa Yana da Tarihi: Daga Gulbin Gagare Zuwa Tafkin Bakalori

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an sha jin matasanmu da suka yi karatu a Kano ko Kaduna ko Abuja suna kukan cewa arewacin Zamfara ba shi da wurin shaƙatawa na bakin ruwa, inda mutum zai je da la'asar ya miƙe ƙafa, ya jefa ƙugiya, ko ya hau kwalekwale ya zaga. Kukan nasu yana bisa hanya. Sai dai kafin a kai ga maganar gina irin wannan wuri, ya kamata a san cewa mutanen Ƙaura Namoda da Kasuwar Daji da Shinkafi da Zurmi sun daɗe da sanin bakin ruwa, kuma suna da ƙa'idojin da suke bi wajen cin moriyarsa tun kafin zuwan Turawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun waɗannan ƙa'idoji, ta nuna yadda suka yi aiki, da kuma abin da ya same su sa'ad da gwamnati ta fara haƙa tafkuna da hannunta.

Gulabe Biyu

Gulabe biyu ne suka riƙe wannan yanki. Gulbin Gagare yana tasowa daga kudu, ya bi ta gefen Ƙaura Namoda, ya miƙe arewa zuwa ƙasar Shinkafi da Isa. Gulbin Bunsuru kuwa daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa ƙasar Zurmi. A can wajen ƙasar Isa suke haɗuwa, ruwansu ya zama Gulbin Rima, wanda ke wucewa ta Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa Kwara.

Dukansu gulaben damina ne. Daga Yuli zuwa Satumba sukan cika su tumbatsa, su malale cikin fadamu, amma kafin bazara sai ka tarar da rairayi fari fat, mata na tonon ruwa a tsakiyar gulbi. Wannan cika da janyewa shi ne sirrin arzikin wurin. Idan ruwa ya malala, kifi yakan bi shi ya shiga cikin ciyawa, ya yi ƙwai, 'ya'yan su ci su yi ƙiba. Idan ruwa ya janye, sai ya bar laka mai taki ga manomin shinkafa da albasa da dankali da rake, ya kuma bar kifi a tsare cikin gurabu masu zurfi da ƙananan tafkunan fadama. Waɗannan su ne tafkunanmu na asali, kuma kusan kowane gari na bakin gulbi yana da nasa, da sunansa da labarinsa.

Garuruwa Sun Bi Ruwa

Duk wanda ya duba tarihin ƙasar nan zai ga cewa sarauta da yaƙi da fatauci duk bakin ruwa suka bi. Birnin Zamfara, tsohuwar hedikwatar Zamfarawa, kusa da Isa ta yanzu yake, a bakin Gagare. Gobirawa sun shigo ƙasar ne a matsayin baƙi, suka samu wurin zama a fadamar Rima, suka kafa Alƙalawa, daga bisani a tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi. Babban karo na farko tsakanin jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a bakin tafki aka yi shi, wato Tafkin Kwatto, a watan Yuni na 1804. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, kuma Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin jagororin wannan yaƙi.

Haka nan matafiya. Bature Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, shi kuma Barth ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853 zai je wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Hanyar ayari suka bi, ayari kuwa ba ya nisa da mashaya, domin jaki da raƙumi da ɗan'adam duk sai sun sha. Saboda haka tafiyar ƙasa a gefen ruwa tsohuwar aba ce a wurinmu, sai dai ta neman abinci ce.

Sarkin Ruwa da Ranar Su

A gargajiyance ruwa yana da mai shi. Garin da ke da gurbi ko tafki yakan naɗa Sarkin Ruwa, galibi daga gidan Sarkawa, masuntan gado waɗanda ake danganta asalinsu da ƙasar Kabi. Kabawa sun shahara da sanin ruwa tun zamanin Kanta, a ƙarni na 16, har ana ba da labarin cewa yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake shiga idan fadama ta cika.

Aikin Sarkin Ruwa yana da yawa. Shi ya san inda zurfi yake da inda kada ke kwana. Shi ke lura da masu fito, waɗanda ke ƙetarar da mutane da kaya da damina, wani da kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungumen maɗaci, wani kuma da ƙaton gora, fasinja ya rungume shi, mai fito na iyo yana turawa. Idan wani ya nutse, shi ake kira. Idan ƙayar kifi ta maƙale wa yaro a wuya, gidansa ake nufa. Amma mafi girman aikinsa shi ne rufe ruwa da buɗe shi. Da zarar gulbi ya yanke, sai a yi shela cewa an hana kamun kifi a gurbi kaza, kuma wanda aka kama ya saɓa, tara ce a kansa, ga kunya a gari. Haka za a bar ruwan wata da watanni, kifi ya girma.

Idan lokaci ya yi, sai sarkin gari ya sa rana, a aika wa maƙwabta. Wannan ita ce ranar su. Tun da sassafe za ka ga mutane sun ɗunguma daga ƙauyuka a ƙasa, kowa da homarsa a kafaɗa da gorarsa, makaɗa na biye. Ba mai taɓa ruwa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, sa'an nan a faɗa gaba ɗaya. A kamo tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu da ragon ruwa, mai tsautsayi kuma ya cafko minjirya ta girgiza shi, 'yan kallo su yi ta dariya. A fitar da rabon sarki da na Sarkin Ruwa, saura kowa ya kai gida, abin da ya yi yawa a yi banda. A bakin gaɓa kuwa kasuwa ce ta ci, ga 'yan mata da tallan fura da ƙosai, ga samari na gasar iyo.

Mai karatu zai lura cewa duk abubuwan nan uku da matasanmu ke nema, wato tattaki da kamun kifi da wasan ruwa, suna cikin ranar su. Bambancin shi ne a wancan tsari shaƙatawar tana zuwa ne bayan an yi haƙurin tsare ruwan. Hanin da Sarkin Ruwa ke yi, ko da an cakuɗa shi da tsoron iskokin ruwa, shi ne abin da masana kiwon kifi na zamani ke kira lokacin hutun ruwa, kuma da shi ne iri bai ƙare ba.

Inda wannan al'ada ta fi fitowa fili shi ne Argungu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa su a matsayin tarba, abin da ya zama alamar sulhu bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Daga nan bikin ya ɗore a Matan Fada, aka haɗa shi da wasannin kabanci, irin su tseren kwalekwale da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abin da duniya ke zuwa kallo a Argungu, ƙanensa ne ake yi a gurabun Gagare da Bunsuru.

Zamanin Madatsai

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya girgiza ƙasar Hausa, ya kuma zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur suka cika baitulmalin Nijeriya. Sai gwamnati ta ga cewa maganin yunwa shi ne a tare ruwan damina a yi noman rani da shi. A jihar Kano, gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsai da dama, ciki har da Tiga wadda aka gama a 1974, aka kuma gina masaukin baƙi a bakin tafkin Bagauda. A nan ne Bahaushen birni ya fara sabawa da zuwa bakin ruwa don hutu kawai. Wannan masauki na Bagauda daga baya an mayar da shi reshen makarantar horar da lauyoyi. A namu ɓangaren kuwa, an gama madatsar Zobe a 1983 a kan Karaduwa, wadda ke zuba cikin Bunsuru, sai ta Goronyo a kan Rima a 1984. Amma wadda ta riga su, ta kuma fi su barin tabo, ita ce ta Bakalori.

An fara aikin Bakalori a 1974 a kan Gulbin Sakkwato, tsakanin Maradun da Talata Mafara, aka gama a 1978, kuma kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi shi. Tsawon bangon ya haura kilomita 5, tafkin da ya taru a bayansa ya rufe kimanin hekta 8,000, yana kuma ɗaukar ruwa mita miliyan 450 na awon murabba'i mai zurfi. Ba a taɓa ganin ruwa mai wannan faɗi a ƙasar Zamfara ba.

Sai dai a ƙarƙashin ruwan nan akwai gonaki da gidaje da itatuwa da kaburburan iyaye. Dubban mutane aka tasa, aka kai da yawansu sabon matsuguni a kan tudun da bai kai fadamarsu albarka ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin noman rani kuma an hana su shuka na tsawon lokaci ana baje ƙasa, ga diyya ta ƙi fitowa yadda aka yi alkawari. Manoma suka kai kuka har suka gaji, daga ƙarshe suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka ƙona ƙauyuka. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba, amma mutanen yankin da masu bincike sun yi maganar ɗaruruwa.

Na ƙasa da madatsar su ma sun ɗanɗana. Binciken da masanin ƙasa W. M. Adams ya yi a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa malalar damina ta ragu ƙwarai a fadamar Gulbin Sakkwato, manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kamun kifi kuma ya ja baya. Dalili a fili yake, tun da kifin da bai samu malala ya yi ƙwai ba, ba zai cika gurbi da rani ba. Gaskiya ne tafkin ya samar da sabon wurin kamun kifi, noman rani kuma ya ciyar da gidaje masu yawa a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Amma an yi shi ne ba tare da an tambayi masu ruwan ba, kuma wannan shi ne babban bambancinsa da gurbin da Sarkin Ruwa ke tsaro.

Halin da Ake Ciki

Ƙananan tafkunan fadama na fuskantar nasu ciwon. Sare itatuwan gaɓa ya sa rairayi na cike su. Wasu na kamun kifi da raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, su kwashe uwa da 'ya'ya, wasu kuma na zuba maganin ƙwari a ruwa, abin da ya fi magimfar da ake amfani da ita a da illa nesa ba kusa ba. Fito ma ya zama abin fargaba inda aka bar lodi ba mai tsawatawa, kamar yadda aka gani a Gummi a watan Satumba na 2024, lokacin da kwalekwale ɗauke da manoma ya kife, aka yi asarar rayuka masu yawa. Daɗin daɗawa, ta'addancin 'yan bindiga da ya addabi Zamfara tun daga wajen 2011 ya raba mutane da fadamu da dama, domin duhuwar bakin gulbi ta zama maɓoya. A aji nakan tambayi ɗalibai su kawo sunayen kifaye goma na gulbinmu, da wuya a samu mai wuce huɗu.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan Allah ya kawo zaman lafiya, aka tashi gyara bakin wani tafki don jama'a su riƙa zuwa shan iska, tarihin nan ya bar mana darasi uku. Na farko, a fara da masu wurin, manoma da masunta da makiyaya, a ji ta bakinsu kafin a kafa ko da turke ɗaya. Na biyu, a mayar wa Sarkin Ruwa da ikonsa na rufewa da buɗewa, hukuma ta mara masa baya da doka. Na uku, a bar wa gulbi malalarsa, domin ita ke haifar da kifin da za a je kamawa.

Akwai kuma aikin da ba sai an jira gwamnati ba. Tsofaffin da suka halarci su a gurabun Gagare da Bunsuru, da waɗanda suka ga tashin ƙauyukan Bakalori da idonsu, suna nan da sauran numfashi, amma kullum raguwa suke yi. Sunayen gurabu da na kayan su, da ranakun da ake buɗe kowane ruwa, da yadda ake rabon kifi, duk a kawunansu suke. Duk mai alƙalami da ke da irin wannan dattijo a unguwarsu, ya ɗauki littafi ya je ya gaishe shi. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.