Mutumin da ya ɗinke idon kyanwa don ya gano makantar yara

1/ Jama'a, akwai yaron da idonsa lafiya lau, amma ba ya gani da shi sosai, ko an ba shi tabarau. Likitoci suna kiran abin ambiliyopiya, mu ce raggon ido. Wani Torsten Wiesel na cikin waɗanda suka gano dalili. Zare ne, ku biyo ni 🧵

2/ An haife shi a Uppsala, ƙasar Suwidin, a 1924. Ya karanta likitanci a Karolinska, ya tafi Amurka a 1955. A ɗakin binciken Stephen Kuffler da ke Johns Hopkins ya haɗu da David Hubel a 1958, suka koma Harvard tare a 1959.

3/ Gwajin da suka wallafa a 1963 yana da ban tausayi, gaskiya. Sun ɗinke fatar ido ɗaya ta jaririyar kyanwa, bayan wasu watanni suka buɗe. Idon garau. Amma da suka auna ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu kula da gani, kusan dukkansu sun daina sauraron wannan idon. Ɗayan ya ƙwace masa wuri.

4/ Da suka yi wa babbar kyanwa haka, ba ta makance ba. Ashe lokaci ne ke aiki. A 1970 suka nuna cewa wajen mako na 4 zuwa na 5, kwanaki kaɗan ma sun isa su yi ɓarna, kuma haɗarin yana raguwa zuwa ƙarshen wata na 3.

5/ Sun gwada harara-garke ma, ta hanyar yanke tsokar ido ɗaya. Ƙwayoyin da ke haɗa aikin idanu biyu suka ragu sosai.

6/ Nan abin ya taɓa ni. Ƙanina yana da harara-garke tun yana goye, kowa a gida cewa yake "bar shi, zai daidaita in ya girma". Sai da ya shiga sakandare aka kai shi asibiti, likita ya ce an makara sosai, da an zo tun yana ƙarami da an rufe mai lafiyar don raggon ya koyi aiki.

7/ Binciken nasu na cikin dalilan da ya sa yanzu ake gaggawar yi wa jaririn da aka haifa da yanar ido aiki, ba a jira ya yi wayo.

8/ A 1981 aka ba su kyautar Nobel tare da Roger Sperry. Wiesel ya shugabanci Jami'ar Rockefeller daga baya. Hubel ya rasu a 2013.