Paradis: Samari Biyu da Suka Kai Faransanci Fagen Rawa

Mai sauraro, ko kana rumfarka a kasuwar Maraɗi, ko kana bayan garke da 'yar rediyonka a rataye, ka san kiɗan nan da ba a ganin makaɗinsa. Na'ura ce ke buga gangar, dim-dim-dim ba hutawa, kamar dai kiɗan fiyano na situdiyon Kano. Faransa ta yi suna a irin wannan kiɗa, amma manyan masu yinsa sun daɗe suna gudun harshensu.

Ɗauki Daft Punk, wato Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo. A Paris suka kafa ƙungiyarsu a 1993, daga baya suka riƙa rufe fuska da hular kwano kamar mutum-mutumi. Daga faifansu Homework na 1997 har zuwa Random Access Memories na 2013, wanda ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara, da Ingilishi suke waƙa. Lissafin 'yan kasuwa ne kawai. Kai ma in ka tsallaka zuwa Jibiya ko Illela, ai da bakin mai saye kake ciniki.

To, gwamnatin Faransa ba ta ji daɗin yadda Ingilishi ya cika rediyo ba. A 1994 aka yi doka, ta fara aiki a 1996: kashi 40 cikin 100 na waƙoƙin da gidajen rediyo masu zaman kansu ke sakawa dole su zama da Faransanci. Ka ga abin dariya, ɗan ƙasa ya yi waƙa a tsakiyar Paris, amma ba a lissafa ta cikin kason, don harshen ba na gida ba ne.

Doka dai ba ta sa matasa rawa. Sai da wasu samari biyu, Simon Mény da Pierre Rousseau, suka fito da suna Paradis. A 2011 suka ɗauko La Ballade de Jim, tsohuwar waƙar Alain Souchon, suka ɗora ta kan gangar na'ura, murya a sanyaye, baitocin nan da Faransancinsu ba a taɓa su ba. Wa ya fara buga musu faifan? Wani ƙaramin kamfani ne a New York, Beats in Space. Ba-Amurke ne ya fara yarda cewa hajar za ta sayu da harshenta. A ganina wannan ya fi dokar 1994 tasiri a kunnen 'yan bayansu.

A 2016 Paradis suka fitar da cikakken faifai, Recto Verso. Shekara guda bayan nan wasu biyun, Polo & Pan, suka biyo da Caravelle, su ma mafi yawa da Faransanci, har suka yi ta zagayen wasa a Amurka. Su kuwa Daft Punk, a Fabrairun 2021 suka sanar da rabuwarsu.